Maigidana Ya Ce In Sa Hannu A Kan Buhunan Da Ban Gani Ba

Assalamu alaikum Malam. Ni akanta ne a cikin garin Gombe, kuma ni ne ƙaramin abokin tarayya a wani ofishin binciken asusu da Maigidana ya kafa tun ina yaro. Shi ya ɗauke ni aiki bayan na gama bautar ƙasa, shi ya biya mini kuɗin jarrabawar ƙwarewa, shi ya tsaya mini a hidimar aurena. Babban kwastomanmu wani Alhaji ne mai injin casar shinkafa, abin da yake biyanmu ya kai kashi ɗaya cikin uku na duk abin da ke shigo mana a shekara. Bana littattafansa sun nuna akwai buhun shanshera 38,000 a sito. Ni da yara biyu na ofis muka je muka ƙirga, muka maimaita, 21,000 da 'yan kai muka samu. Alhaji ya ce sauran suna hannun wakilansa a ƙauyuka, amma babu takarda ko ɗaya. Yana neman rance mai nauyi, bankin kuma rahotonmu yake jira. Maigida ya ce in sa hannu kawai, in kaka ta yi giɓin zai cike, kuma in mun ƙi akwai masu buga hatimi da rabin kuɗinmu ba tare da sun taka ƙofar sito ba. Ba ƙarya ya yi ba, don bara kwastomomi biyu sun bar mu, wai tambayoyinmu sun yi yawa. Mutum tara ke karɓar albashi a ofishin nan. Malam, da gaske aiki mai kyau yana jawo kasuwa a gari irin namu, ko kuwa a aji kaɗai ake faɗar haka? Kuma ta yaya zan ce a'a ga mutumin da ya yi mini komai? Barci ya ƙaurace mini.

Wani akanta, Gombe.

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sa hannu a kan buhu 38,000. Na fara da wannan ne don kada ka bi sauran amsar kana neman inda zan sassauta. Giɓin buhu kusan 17,000 ya doshi rabin kayan da aka rubuta, kuma a kamfanin casa shanshera ita ce kusan duk dukiyar da ke juyawa. Wanda ya ƙirga da idonsa, sannan ya rattaba hannu a kan abin da bai gani ba, shaida ya bayar, kuma ka san sunan irin wannan shaidar a addini da nauyinta. Amma ƙin sa hannu a kan wannan adadi bai zama ka kira Alhaji maƙaryaci ba, bai kuma zama ka juya wa Maigida baya ba. Tsakanin miƙa wuya da fasa ofis akwai hanyoyi da dama, su nake so mu bi tare.

Fara da yi wa Alhaji adalci, domin har yanzu ba ka san abin da ya faru da buhunan nan ba, abin da ka sani shi ne ba su cikin siton. Masu injin casa da yawa kan ba wakilai kuɗi su saya musu shanshera a wuraren noman rani irin su Dadin Kowa, kayan su zauna can har a samu mota. Idan haka ne, buhu dubu goma sha bakwai ba ya ɓoyuwa. Ka nemi sunayen wakilan da garuruwansu, ka rubuta wa kowannensu wasiƙar tabbatarwa, amsar kuma ta dawo ofishinku kai tsaye, kada ta bi ta hannun kamfanin. Ka zaɓi waɗanda aka ce sun fi riƙe kaya da yawa ka je da ƙafarka. In ka isa, kada ka tsaya a ƙasa kana lissafin tsawo da faɗi da tsayin jeri. Hau kan tulin ka leƙa tsakiya, don akan jera buhu ta gefe a bar ciki fayau. Ka sa a soka wasu buhunan ka ga shanshera ce ko ƙaiƙayi. Ka tambayi mai siton ko kayan na Alhaji ne shi kaɗai ko akwai na wasu a haɗe. Daga nan ka bi sawun kuɗin: ranar da aka tura wa wakili, nawa aka tura, nawa buhu yake a kasuwa a lokacin. Ka kuma duba abin da injin ya cashe tsakanin ranar rufe shekara da ranar da kuka yi ƙirga, domin wani ɓangare na giɓin yana iya zama shinkafar da aka riga aka sarrafa aka sayar ba a cire ta daga littafi ba.

Akwai kuma abin da ba na son ka manta da shi. Mai yiwuwa ne Alhajin kansa ake cuta. Sau da yawa mai dukiya yana zaune da adadin da magatakardan sito ya rubuta masa, shi kuwa kayan sun daɗe da sulalewa ta ƙofar baya, ko wakili ya juya kuɗin a wata harkar yana jiran kaka ya mayar. Idan ka je masa da wannan fuskar, ka ce, Alhaji dukiyarka ce ban gani ba, zo mu neme ta tare, ka ba shi ƙofar fita da mutuncinsa ko da ya san gaskiyar lamarin. Attajiri ya fi saurin yarda a ce an yi masa sakaci a sito da a ce ya ƙara lissafi.

Idan bincike ya ƙare, abu uku ne a gabanka, kuma ƙa'idojin aikinku sun tanadi kowanne. In buhunan sun bayyana da hujja, ka sa hannu da zuciya ɗaya. In sun tabbata babu su, kamfanin ya gyara littafinsa ya rubuta abin da ke akwai, nan ma rahotonka zai fita ba tabo, wannan ce mafitar da ta fi wa kowa. In kuwa ya ƙi gyarawa, ko ya hana ka zuwa inda ya ce kayan suke, sai ka ba da rahoto mai togaciya, ka faɗi dalili a fili. Idan ɓarnar ta game lissafin gaba ɗaya, ka ce lissafin bai nuna haƙiƙanin halin kamfanin ba, ko ka ce ba ka samu hujjar da za ka ba da ra'ayi a kai ba. Ka sanar da Alhaji wannan tun kafin ka rubuta, baki da baki, kada ya tsinci labarin a takarda.

Yanzu tambayarka ta farko, wadda na ga ita ce ke cin ranka. Ba zan ce maka duk wanda ya yi aiki mai kyau kwastomomi za su yi layi a ƙofarsa ba. Biyu sun riga sun tafi, Alhaji ma yana iya tafiya, kuma masu arhar hatimi za su ci kasuwarsu na wani lokaci. Amma ka tsaya ka duba abin da ofishinku ke sayarwa. Alhaji ne ke biyan kuɗin, sai dai ba don kansa yake sayen rahoton ba, ai ya san abin da ke sitonsa. Don banki yake saye. Darajar sa hannunka tana wurin mutumin da bai biya ka ko kobo ba: jami'in rance, hukumar haraji, mai zuba jari, magajin da ke zaune a Kano yana jiran rabonsa. Dubi dillalin Tudun Hatsi. Mai kaya ne ke ba shi la'ada, amma abin da ya sa ake nemansa shi ne ɗan kasuwar da ke nesa ya yarda in ya ce masara ta bushe to ta bushe. Ranar da baƙi suka daina yarda da bakinsa, masu kayan ma ba su da sauran amfani da shi. Da bankin nan ya ɗauki hatiminku daidai da na masu rabin kuɗi, da Alhaji bai shekara da shekaru yana biyanku ninki biyu ba. Ya kamata Maigida ya ji wannan maganar.

Tarihin sana'arku ya nuna yadda abin ke kasancewa idan yardar ta karye. A da, Arthur Andersen yana cikin manyan kamfanonin binciken asusu biyar na duniya, da ma'aikata kusan 85,000. Kamfanin Enron da yake bincikawa a Amurka ya durƙushe a watan Disambar 2001, kwastomomi suka fara watsewa tun kafin kotu ta yanke hukunci, a watan Yunin 2002 aka sami Arthur Andersen da laifin hana shari'a aikinta saboda lalata takardu. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin, amma babu sauran kamfanin da za a mayar wa nasarar. A Afirka ta Kudu, bayan aikin da kamfanin binciken asusu na KPMG ya yi wa kamfanonin attajiran iyalan Gupta ya fito fili a 2017, shugabannin reshen suka sauka, a 2018 Babban Mai Binciken Kuɗi na ƙasar ya yanke hulɗa da su, bankin Barclays Africa ma ya sallame su. Da yawa daga cikin waɗanda suka tafi ba a taɓa samun matsala a nasu lissafin ba. Sun tafi ne don sa hannun ya daina yi musu amfani a idon masu karantawa.

Mu dawo gida. A 2006 aka gano an kumbura lissafin Cadbury Nigeria da kimanin naira biliyan 13, a 2008 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ci kamfanin da ya binciki asusun, Akintola Williams Deloitte, tarar naira miliyan 20. Wannan kamfanin ya rayu, yana nan har gobe, domin yana da ɗaruruwan kwastomomi da suna na shekaru aru-aru da zai jingina da shi. Ofishin mutum tara ba shi da wannan katangar. A Gombe manajojin bankuna sun san juna, ana sauya musu wurin aiki daga wannan banki zuwa wancan, suna haɗuwa a ɗaurin aure da zaman makoki. Rance ɗaya ya lalace, banki ya aika a buɗe sito a tarar da rabi, kafin sati ya zagayo duk mai ba da rance a garin ya san sunan ofishin da ya ce kayan suna nan. Ba wanda zai rubuto muku wasiƙa, sai dai ku ga rahotonku yana dawowa ana neman ƙarin hujja, kwastoman kirki kuma ya gane cewa hatiminku ya zame masa nauyi.

Kuma kai ne za ka amsa, ba ofis kaɗai ba. Sunanka da lambar rajistarka ta Hukumar FRC mai sa ido kan rahotannin kuɗi da hatimin ƙungiyarka ne a ƙasan takardar. Ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ICAN da ANAN, duk suna da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke iya dakatar da mamba ko soke sunansa. Tunda ka san takardar banki za ta, kuma ka san adadin ba daidai ba ne, maganar ta wuce sakaci, ta shiga taimaka wa karɓar kuɗi da bayanin ƙarya, EFCC kuwa tana da ofishin shiyya a nan Gombe. Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba. Na kawo ne don idan kana auna albashin mutum tara, ka sa wannan ma a ɗaya gefen sikelin, domin lasisin da aka soke ba ya biyan albashin kowa.

Sai Maigida. Ina roƙonka kada ka ɗauke shi a matsayin mutumin banza saboda wannan magana ɗaya. Dattijo ne da ya ga shekarun da kwastoma ya yi wuya, ya san ƙarshen wata da babu abin biyan ma'aikata, wataƙila kuma tsakaninsa da Alhaji akwai zumuncin da ya girme ka. Tsoro ne ke magana a bakinsa. Kada ka tunkare shi a ofis gaban yara. Same shi a gida bayan la'asar, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ajiye fayil ɗin a gabansa da takardun ƙirga da sa hannun yaran a kai. Ka ce masa, Baba, sunan da ka yi shekaru kana ginawa ne nake ji wa tsoro, kai ka koya mini in ƙirga kafin in rubuta. Sannan ka zo masa da mafita a hannu, kada ka zo da ƙi kaɗai: a ba ka mako biyu ka zagaya wakilan, shi kuma ya raka ka wurin Alhaji, domin maganar da za ta yi wa Alhaji ɗaci daga bakinka za ta shiga daga bakin tsaransa. Alherin da ya yi maka bashi ne a wuyanka har abada, ana biyansa da biyayya da hidima da kula da iyalinsa, amma shaidar da ba ta tabbata ba ba ta cikin abin da ake biyan alheri da shi.

Ka tuna masa da yaran nan biyu. Sun hau tulin buhu, ƙura ta bule su, sun rubuta 21,000 da hannunsu. Idan suka ga rahoto ya fita da 38,000, sun koyi darasin da ba za ka iya goge musu ba, kuma ranar da ɗayansu ya bar ofis da ɓacin rai, labarin zai bi shi.

Idan Maigida ya dage ya ce shi zai sa hannu da kansa, ba za ka iya riƙe masa alƙalami ba. Abin da ke kanka shi ne ka rubuta abin da ka gano da ra'ayinka, da kwanan wata, ka sa a fayil, ka ba shi kwafi cikin ladabi. Kada ka canza takardar ƙirga, kada ka yaga, kada ka bari a sa yaran su sake rubuta ta. Ka nemi shawarar sashen ɗa'a na ƙungiyarka ba tare da ambaton sunan kwastoma ba, ka kuma ga lauya ya duba yarjejeniyar tarayyarku, domin abokin tarayya yana iya ɗaukar alhakin abin da ɗan'uwansa ya sa wa hannu da sunan ofis. Sirrin kwastoma kuma amana ne ko da kun ɓata. Kada ka faɗe shi a majalisa, ko wurin abokinka da ke aiki a bankin. Idan Alhaji ya koma wani ofis, ƙa'ida ce sabon mai binciken ya rubuto muku yana tambaya ko akwai dalilin da zai hana shi karɓar aikin. A nan ne, bisa hanyar da ƙa'idar ta shimfiɗa, za ka amsa da gaskiya.

Shi ma Alhaji a nuna masa cewa buƙatarsa ba ta mutu ba. Buhu 21,000 dukiya ce. Yana da injin, yana da fili, yana da tarihin ciniki. Zai iya neman rancen da ya yi daidai da abin da ke hannunsa, ko a yi wa injin da filin ƙima ta gaskiya a jinginar, ko ya duba tsarin murabaha a bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, inda banki ke sayen kayan ya sayar masa. Ka kuma faɗa masa cewa banki mai ba da rance a kan kayan sito yakan turo nasa mutanen su duba, kuma gara giɓin ya fito daga bakinsa yau da ya fito daga bakinsu bayan ya karɓi kuɗi.

Wannan matsalar ta tona wata da ta fi ta daɗewa. Kwastoma ɗaya da ke kawo kashi ɗaya cikin uku ya riƙe ofishinku a wuya. Ƙa'idar ɗa'a ta duniya da ƙungiyoyinku ke bi ta ce idan kuɗin kwastoma ɗaya ya haura kashi 30 cikin ɗari na kuɗin shigar ofis shekara biyar a jere, sai an duba ko a kawo wani ƙwararre daga waje ya sake nazarin aikin, ko da kamfanin ba na hannun jarin jama'a ba ne. Ko Alhaji ya zauna ko ya tafi, ku fara neman waɗanda ke buƙatar rahoton da za a karanta da gaske. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni, waɗanda cinikinsu bai wuce naira miliyan 120 a shekara ba kuma dukiyarsu bayan cire bashi ba ta wuce miliyan 60 ba, wajabcin naɗa mai binciken asusu. Kasuwar masu neman hatimi don cika sharaɗi kawai ba ita ce makomarku ba. Ku dubi ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Arewa maso Gabas, waɗanda masu ba su tallafi ke bin kowane rasit. Ku dubi ƙananan bankuna da Babban Banki ke sa wa ido, da ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata, da makarantu da asibitoci masu zaman kansu da ke da masu hannun jari fiye da ɗaya, da kasuwancin gado da 'yan'uwa ke son a fayyace musu. Waɗannan yawan tambayoyinku ne abin da suke biya. Su ma kwastomomin da ke ƙorafi, sau da yawa ba tambayar ce ke damunsu ba, zuwanta a ƙurarren lokaci ne. Ku aika musu jerin takardun da kuke so wata biyu kafin rufe shekara, ku gama a ranar da kuka yi alkawari, ku bar musu wasiƙar da ke nuna inda kuɗinsu ke yoyo. Mai kasuwar da ka nuna wa ta inda ake sace masa man janareta ba ya sake cewa tambayarka ta yi yawa.

A gida kuma, ka zauna da maiɗakinka ka gaya mata cewa wataƙila watanni masu zuwa su yi tsauri, ba sai ka ambaci sunan kowa ba. Ku rage abin da zai ragu tun yanzu. Kai da Maigida ku lissafa wata nawa ofis zai iya biyan albashi in kuɗin Alhaji ya tsaya, kuma idan ragi ya zama dole, ya fara daga rabonku ku biyu kafin ya taɓa na yara.

Maganar barin ofis kada ka yi gaggawarta. Idan Maigida ya saurare ka, ko da bayan ɓacin rai ne, ka zauna ka taya shi gyara gidan. Idan kuwa ya sa hannun, ya kuma nuna haka za a ci gaba, to ka nemi wani dattijo da yake jin nauyinsa ya shiga tsakani a raba tarayyar a rubuce, ka fita ba tare da ka janye masa kwastoma ko ma'aikaci a ɓoye ba, ka ci gaba da zuwa gaishe shi kamar da. Amma wannan mataki na can gaba ne. Na wannan makon shi ne jerin sunayen wakilan nan da zuwa gidan Maigida. Ka rubuto mini abin da ka tarar a ƙauyukan, Allah ya sa buhunan suna can.